Ƙaramar Laftof Mai Celeron da RAM 4GB: Yadda Za Ka Rage Mata Nauyi Ka Hana Ta Sandarewa

Ƙananan laftof irin HP Stream 11 da 14, Lenovo IdeaPad 1, ASUS E210, da tsofaffin Acer Aspire One suna da farin jini saboda araha da rashin nauyi a jaka, kuma batirinsu yana daɗewa. A cikinsu galibi za ka tarar da furosesa Celeron N3060, N3350, N4000 ko N4020, mai ƙwayoyi biyu da ke cin wat 6 kacal, da RAM 2GB ko 4GB, da ma'adanar eMMC 32GB ko 64GB wadda aka liƙe a jikin allon uwa. Idan irin wannan kwamfuta ta fara tafiyar hawainiya, mutane sukan ɗora laifin a kan furosesa. Sau da yawa ba shi ba ne. RAM ce ta cika, Windows ya koma zuba rarar a ma'adana, ita kuma ma'adanar ga ta a cike ga ta da jinkiri. Don haka gyaran yana da tsari, kuma farkonsa awo ne.

Ka auna kafin ka taɓa komai

Kunna kwamfutar, ka bar ta minti biyar ta nutsu, sannan ka buɗe abubuwan da ka saba aiki da su. Danna Ctrl, Shift da Esc tare, Task Manager zai fito. Shiga Performance ka duba wurare uku.

A Memory, kada ka tsaya a kan In use kaɗai, ka dubi Committed. Lambobi biyu ne, misali 5.2/6.0 GB. Idan ta farko ta haura RAM ɗin da kake da ita, to abin da ya haura yana zaune ne a matse ko a cikin ma'adana, kuma shi ya sa komawa wani shafi da ka bari yake ɗaukar daƙiƙoƙi. Idan ta farko ta kusa taɓa ta biyu, manhajoji za su fara rufe kansu ba sallama.

A Disk, ka dubi Active time. Ya kai kashi 100 na ɗan lokaci bayan kunnawa ba komai ba ne. Ya zauna a can minti goma alhali ba ka kwafar komai, akwai matsala.

A CPU, ka dubi Speed yayin da kwamfutar ke aiki tuƙuru. N4020 yana farawa daga 1.1 GHz ya hau har 2.8 GHz. Idan aiki ya yi yawa amma ka ga gudun ya maƙale ƙasa da 1.1, kamar 0.79 ko 0.48, to an taka masa birki ne, ko saboda zafi ko saboda caja. Goge manhaja ba zai warware wannan ba, sai ka tsallaka zuwa sashen zafi da caja.

Rubuta waɗannan lambobi a takarda. Da su za ka san ko abin da ka canza ya yi amfani.

Sarari a ma'adana

A kwamfuta mai 32GB nan ne yaƙin yake. Abin da Windows ke nunawa bai wuce 29GB ba, shi kansa Windows da sabunte-sabuntensa sun cinye fiye da rabi. Ma'adanar eMMC kuma tana ƙara jinkiri wajen rubutu idan ta kusa cika, domin ba ta da guraben da za ta rubuta kai tsaye sai ta share ta sake jerawa. Ka yi ƙoƙari kada sararin ya gaza 5GB a mai 32GB, ko 10GB a mai 64GB.

Fara da Disk Cleanup. Rubuta sunansa a wurin bincike, buɗe shi, danna Clean up system files, ka zaɓi Windows Update Cleanup, Delivery Optimization Files, Temporary files, da Previous Windows installation idan akwai. Wannan na ƙarshe shi ne foldar Windows.old, yana iya kai gigabait da yawa, amma da zarar ka goge shi ba ka da hanyar komawa tsohon Windows. Idan ka ga Downloads a jerin, ka lura da kyau kada ka zaɓe shi bisa kuskure.

Sai ka buɗe Command Prompt da dannawar dama, ka zaɓi Run as administrator, ka shigar da waɗannan ɗaya bayan ɗaya:

`powercfg /h off`

Wannan yana cire fayil ɗin hiberfil.sys, wanda girmansa ya kai kusan kashi 40 na RAM, wato wajen 1.6GB a mai 4GB. Za ka rasa Hibernate da Fast Startup. Rashin Fast Startup ma riba ne, domin da shi Shut down ba ya kashe Windows gaba ɗaya, yana adana wani sashe ne ya dawo da shi, har da direban (manhajar da ke sarrafa wani sashe na kwamfuta) da ya rikice jiya.

`compact /compactos:query`

Idan amsar ta nuna ba a matse fayilolin Windows ba, sai ka shigar da `compact /compactos:always`. Yakan ɗauki minti goma zuwa ashirin, ya kuma dawo maka da kusan 2GB. Ka tabbata caja tana jone kafin ka fara.

`Dism /Online /Cleanup-Image /StartComponentCleanup`

Wannan yana share tsofaffin sassan sabuntawa. Zai yi kamar ya tsaya a wani kaso, ka ƙyale shi.

Bidiyo, hotuna da karatuttukan murya, ka kwashe su zuwa katin memori. Ka nemi kati mai alamar A1 ko A2, ka kuma gwada shi da H2testw kafin ka amince masa, domin katin jabu yakan nuna 128GB alhali cikinsa bai kai kwata ba, sai ya riƙa cinye tsofaffin fayiloli shiru. Katin na ajiyar fayil ne. Kada ka girka manyan manhajoji a kai, kada kuma ka kai masa pagefile, wato fayil ɗin da Windows ke zuba rarar RAM a ciki. Idan babbar sabuntawar Windows ta ƙi shiga saboda sarari, tana karɓar fulash mai aƙalla 10GB a matsayin wurin aro.

Abubuwan da ke tashi tare da Windows

Koma Task Manager, shiga Startup. Duk abin da ba ka buƙatarsa da zarar ka kunna, danna shi ka zaɓi Disable: Teams, Skype, Spotify, Zoom, WhatsApp na kwamfuta, masu sabunta Adobe, da OneDrive idan ba ka amfani da shi. Wannan ba gogewa ba ne, za ka iya buɗe su da hannu. Ka bar abin da ya shafi sauti, faifan taɓawa, da Windows Security.

Maganar riga-kafi tana buƙatar a tsaya a kanta. Ba abin da ke durƙusar da ƙaramar kwamfuta kamar riga-kafi biyu ko uku suna aiki tare. Kowanne yana duba kowane fayil da aka buɗe, wani lokaci ma suna duba junansu, duk a kan ma'adana guda mai jinkiri. Masu sayar da kwamfuta na hannu sukan cusa su da yawa don mai saye ya ga an yi masa aiki, sababbi kuma sukan zo da na gwaji da wa'adinsa ya ƙare amma yana nan yana cin RAM. Cire su duka ta Settings, Apps, ka sake kunnawa, Microsoft Defender zai farka da kansa, kuma ya wadatar. Idan fulash daga shagon buga takardu ya zo fayilolinsa sun koma shortcut, kada ka danna ko ɗaya. Ka duba shi da Defender tukuna, sannan a Command Prompt ka fito da ɓoyayyun fayilolin da `attrib -h -r -s /s /d E:\*.*`, ka sauya E da harafin fulash ɗinka.

Manhajojin da ke kiran kansu booster, RAM cleaner ko driver updater, ka cire su ba tausayi. Mai "wanke RAM" tura bayanai yake yi zuwa ma'adana don lamba ta yi kyau a ido, da ka koma aikin sai an sake ɗebo su. Mai sabunta direbobi kuwa yakan ɗora direban da bai dace da kwamfutarka ba, ya jawo shuɗin allo, wato allon kuskure da Windows ke nunawa idan ya faɗi.

Don rage ado, danna maɓallin Windows da R, rubuta `sysdm.cpl`, shiga Advanced, Performance, Settings, zaɓi Adjust for best performance, sannan ka mayar da alama a kan Smooth edges of screen fonts, in ba haka ba rubutu zai yi kaushi ya gajiyar da ido. A wannan tagar ce kuma ake samun Virtual memory. Akwai shawarar da ke yawo cewa a kashe pagefile don a samu sarari ko don eMMC ta daɗe. Kada ka bi ta. Da RAM 4GB, kashe shi na nufin burawuza ta mutu da zarar ka buɗe shafi na shida ko na bakwai. Ka bar shi a System managed.

SysMain da Windows Search, ka gwada ne kawai. Danna maɓallin Windows da R, buɗe `services.msc`, tsayar da ɗaya daga cikinsu, ka yi aiki kwana guda ka dubi Disk. A mai tsohon hard disk mai juyawa (HDD) bambancin yakan bayyana, a mai eMMC sau da yawa ba ya taka kara ya karya.

Idan da wayarka kake ba kwamfutar intanet, shiga saitin wannan Wi-Fi ka kunna Metered connection. Zai rage saukar da sabuntawa a ɓoye, wanda ke cin data da furosesa a lokaci guda. Amma ka ware rana ɗaya a wata ka bar ta ta sabunta har ta gama, caja na jone.

Burawuza, inda RAM ke ƙarewa

Windows kaɗai yana riƙe kusan rabin 4GB, saura kuma burawuza ce ke cinyewa. Shafi ɗaya na Facebook, Gmail ko Google Docs yana iya cin ɗaruruwan megabait. A Chrome ka shiga Settings, Performance, ka kunna Memory Saver. A Edge ka kunna Sleeping tabs ka rage lokacin zuwa minti biyar, ka kuma kashe Startup boost idan ba Edge ce burawuzarka ba. A duka biyun ka kashe zaɓin da ke barin burawuza ta ci gaba da aiki bayan an rufe ta. Danna Shift da Esc a cikin burawuza zai nuna maka abin da kowane shafi da kowane ƙari (extension) ke ci. Burawuza ɗaya ta isa, kada ka buɗe biyu tare.

Mai toshe talla shi ne ƙari guda da ya cancanci RAM ɗin da yake ci: uBlock Origin a Firefox, ko uBlock Origin Lite a Chrome.

YouTube yana da nasa sirrin. Danna dama a kan bidiyo, zaɓi Stats for nerds, ka dubi Codecs da adadin firam ɗin da suka zube. Idan ka ga avc1, wato H.264 ne, duk waɗannan masu Celeron suna da sashe na musamman da ke warware shi ba tare da wahalar da furosesa ba. vp09 yana tafiya lafiya a N3350, N4000 da N4020, amma tsofaffi irin N2840 ba su da sashensa. av01 kuwa babu ɗaya cikinsu da ke da shi, sai furosesa ya ɗauki aikin da kansa ya kai kashi 100, bidiyo ya riƙa tsalle, jiki ya yi zafi. Ƙarin enhanced-h264ify yana tilasta wa YouTube ya aiko da H.264. Ka kuma tsaya a 720p, tunda allon yawancinsu 1366 a 768 ne, 1080p asarar data ce kawai. Kada ka kashe hardware acceleration sai idan allo yana walƙiya ko baƙi, domin kashe shi yana mayar da komai kan furosesa.

Sauran manhajoji ma a zaɓi marasa nauyi: SumatraPDF don karanta PDF, VLC don bidiyo. A Zoom ka kashe HD da hoton baya na ƙarya.

Zafi da caja

Yawancin waɗannan kwamfutoci ba su da fanka. Wani siririn faranti ne na ƙarfe ke kwashe zafin furosesa ya watsa shi ta ƙasan jiki da wajen madannai. Idan ka ɗora ta a kan katifa, filo ko darduma, zafin ba shi da inda zai je. A bazara, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Kano, Sakkwato ko Damagaram, farantin da kansa ba ya samun iska mai sanyi da zai miƙa wa zafin. Iyakar N4020 digiri 105 ce, amma da yawa daga masu ƙerawa sun saita ta fara rage gudu tun kafin nan. Girka HWiNFO, buɗe Sensors, ka dubi zafin CPU da layin Thermal Throttling. Idan yana cewa Yes, ka ɗora ta a kan tebur ko faranti, ka ɗaga bayanta da murafen kwalba biyu don iska ta ratsa, ka juyo mata fankar ɗaki. Aiki mai nauyi kamar sabuntawa, ka bar shi sai dare ko da asuba. Yin caji ma yana ƙara zafi, don haka idan batir ya cika kuma tana tafasa, cire cajar na ɗan lokaci.

Masu fanka, kamar tsofaffin Aspire One, ƙurar hunturu ce ke toshe su. Kashe ta, cire batir, buɗe bayanta, ka riƙe fankar da tsinke kada ta juya, sannan ka hura iska daga ciki zuwa waje. Idan ta shekara huɗu ko biyar ba a taɓa ba, man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya ya bushe. A goge shi da sinadarin isopropyl, a ɗiga sabo kamar ƙwayar shinkafa. Inda aka sa ɗan laushin kushin zafi maimakon mai, sai a mayar da kushi mai kauri iri ɗaya, domin mai ba zai cike gibin ba.

Idan zafi bai kai ba amma gudun na maƙale a ƙasa, cire caja ka duba ko ya tashi. Idan ya tashi, cajar ce. Dubi lambobin da ke ƙasan kwamfutar: HP Stream yakan nemi 19.5V da wat 45, Lenovo da yawa 20V da 2.25A, ƙananan ASUS 19V da 1.75A. Bolt dole ya zo daidai, amfiya kuwa ya yi daidai ko ya fi. Dell yana tantance cajarsa ta siririn tsinken tsakiya, idan bai gane ta ba sai ya rage gudu ya ƙi caji. Wata alamar cajar banza ita ce kibiyar linzami ta riƙa tsalle da kanta idan an jona wuta, musamman a kan janareta ko inbata mai arha.

Batir ma ka duba shi da `powercfg /batteryreport` a Command Prompt, ka buɗe rahoton da ya ajiye. Kwatanta Design capacity da Full charge capacity. Idan na biyu ya gaza rabin na farko, kada ka yi mamaki ta mutu farat ɗaya a kashi 30. Idan faifan taɓawa ya ɗago ko jikin ya buɗe a gefe, batir ya kumbura, a daina caji a cire shi nan take.

Idan tana sandarewa ko shuɗin allo

Danna maɓallin Windows da R, rubuta `perfmon /rel`. Za ka ga jadawalin kwanaki da jajayen alamomi. Nemi ranar da matsalar ta fara, ka ga abin da aka girka a ranar. Idan abin da ke rubuce shi ne an kashe Windows ba bisa ƙa'ida ba, ko Kernel-Power 41 a Event Viewer, ba tare da shuɗin allo ba, zargi wuta, batir ko zafi. Idan akwai shuɗin allo, sunan da ke ƙasansa jagora ne. VIDEO_TDR_FAILURE direban hoto ne, sai ka ɗauko na shafin kamfanin da ya ƙera kwamfutar. DPC_WATCHDOG_VIOLATION yakan fito daga direban ma'adana ko Wi-Fi. MEMORY_MANAGEMENT kuwa sai a gwada RAM da `mdsched.exe`. CRITICAL_PROCESS_DIED da ke maimaituwa yakan nuna fayilolin Windows sun lalace ko ma'adana ta fara gajiya. A nan ka shigar da `Dism /Online /Cleanup-Image /RestoreHealth`, bayansa `sfc /scannow`, amma ka kwashe muhimman fayilolinka tukuna. Abu ɗaya za ka riƙa canzawa a lokaci guda, in ba haka ba ba za ka san wanne ya yi magani ba.

Abin da kuɗi zai iya saya

Idan Task Manager ya nuna HDD, sauya shi da SSD mai inci 2.5 da kaurin milimita 7 shi ne gyara mafi tasiri, ko da 128GB ne. eMMC ba ta ciruwa, amma wasu samfura suna da ramin M.2 da ba kowa a ciki, sai an buɗe ko an duba littafin samfurin. A Memory, idan Form factor ya ce SODIMM galibi ana iya ƙara RAM, idan ya ce Row of chips a liƙe take. N2840 da N3060 suna son DDR3L mai 1.35V, DDR3 na 1.5V yana iya hana ta tashi. N4000 da N4020 sun tsaya a 8GB, tsohon Atom N270 na 2008 kuwa 2GB.

Lokacin barin Windows

Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025. Windows 11 yana neman RAM 4GB, ma'adana 64GB da sashen tsaro na TPM 2.0, kuma N4000 da N4020 suna cikin jerin da ya amince da su, N3060 da N3350 ba sa ciki. Mai RAM 2GB ko ma'adana 32GB, Linux, wani tsarin da ke maye gurbin Windows, ya fi masa kwanciyar hankali. Lubuntu ko Linux Mint Xfce sun dace da masu 64-bit, antiX kuma yana da na 32-bit don Atom N270. Ka ɗora shi a fulash da Rufus ko Ventoy, ka tashi daga fulash ɗin ba tare da girkawa ba, ka gwada Wi-Fi, sauti, hasken allo da faifan taɓawa. Wajen girkawa, eMMC za ta fito da suna mmcblk0 ko mmcblk1, ba sda ba, kada ka goge fulash ɗin ko katin memori da kuskure. Masu Atom Z3735F suna da UEFI (tsarin da ke tayar da kwamfuta) na 32-bit duk da furosesan 64-bit ne, sai fulash ɗin yana ɗauke da fayil ɗin bootia32.efi za su tashi.

Bayan girkawa, kunna zram, wanda ke matse bayanai a cikin RAM maimakon zuba su a eMMC. A Terminal, shigar da `sudo apt install zram-tools`, buɗe `/etc/default/zramswap`, sa ALGO=lz4 da PERCENT=50, sake kunnawa, ka tabbatar da `swapon --show`. Ƙara `earlyoom` don ya kashe shafin da ya fi ci kafin kwamfutar ta daskare gaba ɗaya.

Furosesoshin Bay Trail, wato N2830, N2840 da Z3735F, an san su da sandarewa cak a Linux, har linzami ba ya motsi, saboda yanayin barci mai zurfi na furosesa. Buɗe `/etc/default/grub`, ƙara `intel_idle.max_cstate=1` a cikin layin GRUB_CMDLINE_LINUX_DEFAULT, shigar da `sudo update-grub`, ka sake kunnawa. Batir zai ɗan fi saurin ƙarewa, don haka kada ka sa shi sai ta sandare da gaske.

A Linux ne kuma za ka iya sanin lafiyar eMMC, abin da manhajojin Windows galibi ba sa nunawa. Girka `mmc-utils`, shigar da `sudo mmc extcsd read /dev/mmcblk0`, ka nemi layukan Life Time Estimation. 0x01 na nufin ba ta ci fiye da kashi 10 na rayuwarta ba, kowace lamba ta gaba tana ƙara kashi 10. Idan ka ga 0x0A ko 0x0B, kwashe fayilolinka a ranar, ka girka tsarin a kan SSD ta ramin M.2 idan akwai, ko ta waje a bakin USB 3.0.